Nasiha Ga Ɗan Zango Mai Tsohuwar Haibirid

Ina taya ka murna da motar da Allah Ya hore maka, Allah Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe. Na san ba don ado ka saye ta ba. Tun 2015 da gwamnatin Ghana ta saki farashin mai ya riƙa bin kasuwa, sau biyu a wata ake sake lissafinsa, kuma ba wanda ya manta da 2022, shekarar da sidi ya faɗi, tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Duk mai neman abinci da sitiyari a Kumasi tsakanin Race Course da Kejetia da Aboabo da Asawase ya san gidan mai ne ke fara cin rabonsa kafin iyalinsa su ci. Shi ya sa ka nemi haibirid, mai tafiya da fetur da lantarki tare, kuma ka yi tunani mai kyau.

Sai dai hanyoyi biyu ne matasa ke bi su mayar da wannan riba asara. Wani tsoro ke cinye shi: da zarar fitila ta kama a gaban sitiyari sai hankalinsa ya tashi, duk abin da aka lissafa masa a gareji sai ya biya, har da aikin da motar ba ta san da shi ba. Wani kuma sakaci ke kashe shi: ya riƙe ta yadda ake riƙon tsohuwar tasi, kowane mai ya samu ya zuba, kowane ruwa ya gani ya ɗura, sai ranar da ta tsaya masa a tsakiyar Bantama da fasinja a ciki. Maganar da zan faɗa maka guda ce, ka riƙe ta: babban abokin gabar tsohuwar haibirid zafi ne, ƙura kuwa ita ke buɗe masa ƙofa. Kuɗin da ya kamata ya fita aljihunka ba tare da gardama ba shi ne na abin da ke kare ta daga waɗannan biyun. Duk sauran aiki, sai an nuna maka hujja.

Fara da sanin abin da ka saya. Toyota ta fito da Prius a Japan a 1997, sannan Camry mai irin wannan tsari ta biyo baya a 2006. Waɗanda suka fi shigowa hannun talaka su ne Prius ƙirar 2004 zuwa 2009, da ta 2010 zuwa 2015, da ƙaramar nan Prius c, da Camry. Mafi yawansu sun gama hidima a Amurka ko Kanada kafin a sauke su a tashar jirgin ruwa ta Tema, wasu ma daga kasuwar gwanjon motocin da suka yi haɗari suka fito. Lamunin da kamfani ya ba batirinsu a can, shekara 8 ko mil 100,000, a wasu jihohi shekara 10 ko mil 150,000, ya ƙare tuntuni. Ka kuma lura da agogon tafiyarta: motar Amurka da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. In ka ga 150,000, to kilomita 240,000 ta ci. Mutane da yawa na jinkirta canjin mai saboda sun ɗauki mil a matsayin kilomita. Lambar jikin motar, mai harafi da adadi 17, kan ba ka tarihinta a intanet. Ka bincika ko ta taɓa nutsewa a ambaliya, domin ruwa na barin ciwo a wayoyi wanda ba ya bayyana sai daga baya.

To, abu na farko da take buƙata iska ce, kuma shi ne mafi araha. Babban batirin yana baya, ƙarƙashin kujera ko a bayanta, kuma ba ruwa ke sanyaya shi ba. Wata 'yar fanka ce ke zuƙo iskar cikin motar ta wata kafa da ke kusa da kujerar baya ta hura masa. Yanzu ka dubi inda kake aiki. Tun da aka kwaso 'yan kasuwa da direbobi zuwa Race Course lokacin da ake sake gina Kejetia, wurin bai rabu da turmutsutsu ba: da rani ƙura, da damina taɓo. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ya sauko da tasa ƙurar. Duk wannan ƙura tana bi ta kafar nan ta taru a jikin fankar, ta haɗu da zaren tufafi da gashi ta zama dunƙule. Fankar na juyawa amma iska ba ta isa, batiri ya yi ta gasuwa a hankali, kai ba ka sani ba. Ka sa a ciro fankar a share ta sau ɗaya a shekara, bayan hunturu. Kada ka bari fasinja ya jingina buhu ko ƙunshin kaya a bakin kafar, kada mai ɗinkin rigar kujera ya rufe ta. In ka ji fankar na kuka da ƙarfi a baya, ƙorafin zafi take yi. Ka nemi inuwa duk lokacin da za ka daɗe a tsaye. Kuma ka sani, kunna na'urar sanyi a wannan mota ba almubazzaranci ba ne, tunda iskar da kake shaƙa ita batirin ke shaƙa.

Abu na biyu ruwa ne. Motarka tana da hanyoyin ruwan sanyaya guda biyu, kowace da tankinta. Ɗaya ta inji ce, wadda kowa ya sani. Ɗayar ta inbata ce, akwatin nan da ke cikin bonet mai sarrafa wuta tsakanin batiri da injinan lantarki, wanda ke ɗaga ƙarfinta har bolt 500 a ƙirar 2004, har 650 a ƙirar 2010. Abin da ke ɗaukar irin wannan wuta dole ya yi zafi, kuma wani ƙaramin famfon lantarki ne ke zagaya masa ruwa. Famfon nan ya ba da matsala a ƙirar 2004 zuwa 2009, har Toyota ta kira motoci masu yawa a 2012 don a canza shi. Dubawa ba ta da wuya: kunna mota har kalmar READY ta fito, buɗe bonet, ka leƙa tankin inbata. In ruwan na motsi, famfo na aiki. In ya kwanta lif, kada ka hau hanyar Accra ko ta Techiman sai an gyara. Ruwan da ya dace shi ne ruwan hodar nan na Toyota. Na inji, kamfani ya ce a fara canza shi a kilomita 160,000, daga nan kuma duk bayan 80,000 ko shekara 5. Tunda ba ka san abin da mai ita na farko ya yi ba, ka canza duka biyun da zarar ta zo hannunka. Ruwan famfo da ruwan leda suna kawo tsatsa da ƙanzo, kada ka kusance su sai in larura ta kama ka a hanya, shi ma ka zubar da zarar ka isa gida.

Abu na uku man inji. A nan ne al'ada ke cutar da mutane. An saba da cewa ƙasarmu da zafi, don haka mai kauri ya fi, sai a ɗauko 20W-50 a zuba wa kowace mota. Injin haibirid kuwa yana mutuwa yana tashi ba adadi a tafiya ɗaya, kuma duk tashi yana son man da zai isa ko'ina nan take. Dubi murfin wurin zuba mai ko littafin motar: Prius ta 2004 zuwa 2009 an rubuta mata 5W-30, ta 2010 zuwa 2015 0W-20. Tazarar mil 10,000 da ake faɗa ta masu hanya mai tsabta ce. Kamfanin da kansa ya ce mai bin hanyar ƙura ya canza a mil 5,000, wato kilomita 8,000, ko wata 6. Kai ke nan. Ka sayi mai a wurin da ka amince da shi, domin na jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma araha ba ta ado. Ka riƙa zaro sandar awon mai kowane mako, musamman in taka ƙirar 2010 ce zuwa 2014, don an san wasunsu da shan mai idan sun tsufa. Matatar iskar inji da ta cikin ɗaki kuwa, da idonka za ka yanke hukunci: ka ɗaga ta sama, in haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki.

Mai ƙirar 2010 zuwa 2015 yana da ƙarin aiki guda da ya cancanci kuɗinsa. Akwai wata hanya da ke mayar da ɗan hayaƙi cikin inji don rage zafin ƙonewa, makanikai na kiranta EGR. Da tafiya ta yi nisa baƙin toka kan toshe ta, zafi ya ƙaru a kan inji, kuma masu gyara da yawa na danganta ƙonewar gasket a wannan ƙira da toshewar. In motarka ta haura kilomita 160,000 ba ka da shaidar an taɓa wanke ta, a kwance a wanke. In ka ji inji na karkarwa da ƙara da sassafe, ruwa kuma na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, kada ka jira. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sannan ƙaramin batiri mai bolt 12, wanda a yawancinsu yake cikin but ko ƙarƙashin kujerar baya. Ba shi ke murza inji ba, aikinsa ya tashi kwamfutocin motar ya haɗa babban batiri da sauran jiki. In ya yi rauni sai motar ta rikice: fitilu su kama barkatai, ta ƙi nuna READY, mai ita ya ɗauka babban batiri ne ya mutu. Kafin kowa ya yi maka maganar babba, a auna ƙarami. Yakan yi shekara uku zuwa biyar, kuma in za ka canza, ka nemi irinsa mai bututun fitar da iska, tunda cikin motar yake zaune tare da kai.

Birki da giya su ma suna da haƙƙinsu, amma ba yadda aka saba ba. In ka taka birki a hankali, injin lantarki ne ke rage gudun yana mayar da ƙarfin cikin batiri, shi ya sa fatar birkinta ke daɗewa ƙwarai. Kada ka canza ta don an ce lokaci ya yi, a ciro taya ka ga kaurinta da idonka. Abin da ke lalacewa shi ne ƙusoshin da ke zamewa su matse fatar, sukan cije saboda rashin aiki da tsatsa, balle motar da ta sha gishirin titunan Kanada. A share su a sa musu giris duk shekara. Man birki na shan danshi, Kumasi kuwa ba ta rasa danshi, don haka a canza shi duk shekara biyu zuwa uku, a hannun wanda ke da kwamfutar yin hakan, domin wanda ya bi tsohuwar hanya zai iya cusa iska ko ya lalata na'ura mai tsada. Giyarta kuma ba irin ta sauran motoci masu canza kansu ba ce, haƙoran ƙarfe ne da injinan lantarki biyu a cikin mai. Man da ya dace shi ne ATF WS. A kwance ƙusa a tsiyaye tsoho a zuba sabo, lita huɗu sun isa, kamar duk kilomita 100,000. Ba ta buƙatar a haɗa ta da injin wanke giya.

Yanzu ga abin da ba za ka biya ba. Prius ba ta da altaneta, ba ta da kik irin na sauran motoci, ba ta da kulocin da ake takawa. Ƙirar 2010 zuwa sama ba ta da fambel ko ɗaya, famfon ruwanta ma na lantarki ne. Injinta da sarƙa yake tafiya, ba bel ɗin da ake canzawa lokaci-lokaci ba. Fulogoginta na iridiyam an yi su su kai mil 120,000, kimanin kilomita 190,000, don haka ba a canza su duk sabis. Ruwan wanke cikin inji, da kwalaben da ake ɗurawa a tanki da alkawarin ƙara ƙarfi, da wankin nozul ba tare da wata alama ba, duk ka bar kuɗinka a aljihu. Kada kuma ka yarda a cire maka tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa da sunan ta toshe, sai an gwada an tabbatar. Tana da tsada, kuma rashinta na rikita lissafin man da kwamfuta ke yi. Ba ina ce maka masu gyara mayaudara ba ne. Suame Magazine na cikin manyan matattarar masu sana'ar mota a Afirka, kuma akwai masu hannu da amana a cikinta da suka raya motocin da wasu ƙasashe suka yar. Sau da yawa mutum na lissafa maka abin da ya saba yi wa wata mota ne kawai. Kai za ka tambaya cikin ladabi: Masta, wace alama ka gani? In ban yi yau ba, me zai faru? Zan iya ganin tsohon da ka cire? Matambayi ba ya ɓata, kuma mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

Mu zo kan abin da ke hana ka barci, babban batiri. A Prius ta 2004 zuwa 2015, ƙananan batura 28 ne aka jera, kowanne bolt 7.2, jimla bolt 201.6. Camry ta farko tana da 34, Prius c tana da 20. Aikinsu kamar mutum 28 ne suka ɗauki gungume ɗaya a ka: in ɗaya ya gaji, tafiyar kowa ta tsaya. Alamomin gajiyarsa sanannu ne. Ma'aunin caji ya riƙa cika yana zubewa cikin mintuna kaɗan, inji ya daina hutawa, shan mai ya ƙaru, daga ƙarshe jan alwatika ya bayyana tare da lambar P0A80. Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, batirinka ba ya buƙatar a buɗe shi, kuma kada ka biya kuɗin wani sabis ɗin batiri da ba a faɗa maka takamaiman abin da za a yi ba. Idan kuwa alama ta zo, a sa kwamfuta. Tana nuna ƙarfin baturan biyu-biyu, rukuni 14, ka ga da idonka wanda ya faɗi ƙasa da 'yan uwansa. Wani lokaci tsatsa ce kawai ta kama farantan tagullar da ke haɗa su, wanki ya wadatar. Canza guda ɗaya ko biyu kan ba ka 'yan watanni, amma ka sani sauran ma sa'o'in wanda ya mutu ne, wani zai biyo baya. In da motar kake ciyar da gida, ka fara ware wani abu kowane mako tun yau, ko ka shiga adashi da niyyar batiri, don ranar ta same ka a shirye. In za ka sayi na hannu, ka nemi sakamakon gwaji da alkawarin wata nawa a rubuce.

Ina roƙonka da girman Allah a kan abu biyu. Wayoyin nan masu launin ruwan lemo ɗauke suke da wutar da ke kisa. Kada ka taɓa su, kada ka bari yaron gareji ya taɓa su da hannu tsirara. Mai aikin ya kashe mota, ya sa safar hannu ta masu aikin wuta, ya zare makullin batiri, ya jira mintuna goma kafin ya kusanci inbata. Ran ɗan mutane ya fi motarka. Na biyu, na'urar sanyi. Kwamfiresarta da babbar wuta take aiki, kuma man da ke cikinta na musamman ne, ND-11, wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. In mai cika gas ya zuba man sauran motoci, ko ya yi amfani da tiyon da ya jiƙe da shi, wuta kan fara zurarewa, motar ta ƙi tashi, gyaran kuma ya ninka kuɗin gas sau da yawa. Ka tambayi sunan man kafin a haɗa tiyo.

Tuƙinka ma gyara ne. In cunkoso ya riƙe ka a shataletalen Suame ko a mashigar Kejetia, kada ka sa giya a N, domin a nan batiri ba ya caji, sai dai ya zube. Ka sa ta a P ko ka taka birki. Kada ka bar fetur ya ƙare ka ce za ka lallaɓa da lantarki, za ka iya tsotse batirin har ya kasa tashin inji. Da damina, in kwatoci sun cika ruwa ya hau titi, ka juya ka sake hanya. In za ka yi doguwar tafiya, ko Allah Ya kira ka aikin Hajji, ka bar wa amintacce ya riƙa kunna ta yana ɗan zagayawa da ita. In ta lalace a hanya, a ɗaga ƙafafun gaba ko a ɗora ta a kan babbar mota, kada a ja ta da igiya. Ka kuma sayi ɗan littafi ka ajiye a aljihun mota: kwanan wata, adadin tafiya, aikin da aka yi, irin man da aka zuba. Shi zai raba ka da gardama, ya hana ka biyan aiki ɗaya sau biyu.

Ɗana, dukiya amana ce, za a tambaye ka yadda ka same ta da yadda ka kashe ta. Wanda ya zubar da kuɗi a kan aikin banza ya tauye iyalinsa, wanda kuma ya ƙi gyara birki don rowa ya sa rayukan fasinja a haɗari. In motar ta wani ce kana aiki kana biya, ka riƙe ta kamar taka. In ranar sayarwa ta zo, ka faɗa wa mai saye gaskiyar batirinta, kada ka goge lambar matsala da kwamfuta ka miƙa masa makulli. Idan kuma kana da ƙane ko ɗa mai kai da son aikin hannu, ka tura shi ya koyi gyaran wutar mota da karatun kwamfutarta, domin irin waɗannan motoci ƙaruwa za su yi, kuma Zango na buƙatar nata gwanaye masu tsoron Allah. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa albarka a nemanka, Ya haɗa ka da masu gyara na gari. Amin.